Faifai Biyu, Bayani Ɗaya: Tarihin Kwafin Ma'ajiya a Rumbunan Bayanai

Tun a shekarun 1970 kamfanin Tandem na Amurka yake rubuta kowane bayani a faifai biyu lokaci guda, domin idan ɗaya ya lalace ɗayan ya ci gaba da aiki, amma sai a 1988, da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na jami'ar Berkeley suka jera dabarun haɗa faifai mataki-mataki, wannan dabara ta samu sunan RAID 1.

Gardamar da ta raba kan ma'aikatan fannin, wato ko manhaja ce za ta riƙa yin kwafin ko akwatin ma'ajiya mai ɗauke da faifan, ta taso ne bayan an fara ɗora kwamfutoci da yawa a kan rumbun bayanai guda, kamar yadda kamfanin Oracle ya yi da RAC a 2001. A 2003 kamfanin ya fito da ASM, manhajar da ke ajiye kwafi biyu ko uku da kanta, ko kuma ta bar wa akwatin ma'ajiya aikin. Masu goyon bayan akwatin suna da hujjar sauri, tunda kwamfuta sau ɗaya take aika rubutu, sai dai gobara ko ɗaukewar wuta na iya shafar kwafin duka biyun idan ɗaki ɗaya suke, alhali manhajar tana iya raba su tsakanin gine-gine biyu.

Nisa shi ne abin da ya gagari kowa. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200 a cikin wayar gilashi a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, saboda haka idan rumbun yana Legas, kwafinsa kuma yana Kano, kowane rubutu zai yi jiran kusan kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa kafin a tabbatar da isarsa, jinkirin da yake taruwa ya yi nauyi idan hada-hada ta yi yawa. In kuwa aka ƙi jira, bayanan ƙarshe suna iya salwanta idan rumbun farko ya faɗi, kuma wannan giɓi ne ke iya shafar mai sayar da rake a Makarfi ko mai POS a Ikara, wanda aka cire kuɗinsa amma kwafin bai shaida ba. Mafi muni shi ne katsewar layi tsakanin ɓangarorin biyu, kowanne ya ɗauka shi kaɗai ya rage yana ta karɓar rubutu, abin da ya sa ƙwararru suke ajiye faifan ƙuri'a a wuri na uku, wanda ɓangaren da ya kasa isa gare shi dole ya dakata.