Amanar Baƙo da Tsoron Rabe: Abin da Ya Faru a Birnin Zindar a 1898

Duk wanda ya yi karatu a Zindar ya san sunan Amadu Kuran Daga ko da bai buɗe littafin tarihi ba, domin ɗaya daga manyan makarantun sakandare na garin sunansa take amsawa. Barikin da Faransawa suka gina bisa duwatsun da ke kallon Birni shi ma ya daɗe da sunan wani mutum, Kaftin Kazamaju (Cazemajou), kafin a mayar da shi na Tanimun. Mutanen nan biyu sun haɗu a watan Afrilu na 1898. Bayan kimanin mako uku, ran 5 ga Mayu, aka kashe kaftin ɗin da tafintansa cikin Birni bisa umurnin sarki. A aji akan taƙaita labarin cikin jimla guda: sarki ya ƙi mulkin mallaka, ya kashe manzon Nasara. Jimlar tana da gaskiyarta. Sai dai ta rufe tambayar da ta fi nauyi, wato abin da ya kamaci shugaba sa'ad da ƙa'idar da ya gada ta nuna masa hanya guda, tausayin mutanen da ke ƙarƙashinsa kuma ya nuna masa wata.

Halin da Damagaram take ciki

Amadu ɗan Tanimun ya hau gadon sarauta a 1893. Ƙasar da ya gada mai ƙarfi ce. Mahaifinsa, wanda ya rasu a 1884, shi ya zagaye Birni da garu, ya tara bindigogi daga fataken arewa, ya sa maƙera suka zuba igwa cikin gari, ya kuma mayar da Zindar babban zangon ayarin da ke tafiya tsakanin Tarabulus da ƙasar Hausa. A bisa al'ada Damagaram tana bin Borno, tana kai gaisuwa Kukawa. A shekarar da Amadu ya hau mulki wannan tsari ya rushe: Rabe, wanda ya taso da rundunarsa daga ƙasashen Nilu, ya ci Borno, ya ƙone Kukawa, ya kafa mazauninsa a Dikwa. Daga wannan lokaci babu wani sarki a yammacin tafkin Cadi da ke barci da ido biyu rufe. Kowa ya ji yadda daular da ta yi ɗaruruwan shekaru ta faɗi cikin ƴan watanni, kuma kowa ya san Damagaram ce mafi arziki cikin ƙasashen da suka taɓa bin Borno.

Ta kudu ma babu kwanciyar hankali, domin Amadu yana yaƙi da Kano ta zamanin Sarki Alu. Ta yamma kuwa labarin Nasara yana ta ƙaratowa. Tun ran 5 ga Agusta 1890 Faransa da Ingila suka ja layi bisa takarda daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin Cadi, suka raba ƙasashen da ba su taɓa gani ba, ba tare da sanin masu su ba.

Zuwan baƙo

Cikin wannan hali Kazamaju ya iso. Ya taso daga Sayi a ƙarshen 1897 da tafintansa Olib (Olive) da sojoji baƙaƙen fata ƴan kaɗan, ya bi ta Argungu, ya sauka Zindar a tsakiyar Afrilu. Aikin da aka ba shi shi ne ya duba ƙasashen da layin nan ya ratsa, ya kai Cadi, ya kuma sadu da Rabe. An karɓe shi, an ba shi masauki, ya zauna lafiya har makonni.

Karɓar Bature ba sabon abu ba ne a Birni. A farkon 1851 ɗan Ingila Richardson ya sauka a garin zamanin Sarki Ibrahim, ya yi makonni ya wuce. Bajamushen nan Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim, ya iso a ƙarshen Disamba 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu 1853, ya kama hanyar Katsina ba wanda ya taɓa shi. Garin da ke cin abinci da fatauci ya fi kowa sanin darajar amana, domin ranar da aka ji an ci amanar baƙo a zango, ranar ayari ke fara neman wata hanya. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, sun kuma ce baƙo raɓa ne. Maganar farko tana nuna girman haƙƙinsa, ta biyu tana tunatar da mai gida cewa nauyin na ɗan lokaci ne, haƙuri kaɗan ya ishe shi.

Amma wannan baƙo ya bambanta da na baya. Richardson da Barth ba su zo da runduna ba, kuma Shehun da ke Kukawa, wanda Richardson ya nufa, Barth kuma ya fito daga wurinsa, uban gidan Damagaram ne. Kazamaju hafsan soja ne, ga bindigogi masu saurin ɗuri a hannun mutanensa, ga shi ya nufi wurin mutumin da Damagaram ta fi tsoro. Masana tarihi, ciki har da ɗan garin André Salifou, wanda ya wallafa littafinsa kan Damagaram a 1971, sun kawo manyan dalilai biyu na kisan. Na farko shi ne tsoron kada Nasara su haɗa kai da Rabe su sa Damagaram a tsakiya. Na biyu shi ne fargabar manyan fatake, musamman Larabawan arewa, cewa shigowar Faransa za ta kashe kasuwancin hamada. Ran 5 ga Mayu aka far wa kaftin ɗin da tafintansa cikin Birni, aka kashe su, aka jefa gawarwakinsu cikin rijiya.

Abin da aka ɗora bisa sikeli

Adalci ga Amadu Kuran Daga shi ne a gane cewa abin da ya tsorata gaskiya ne a idon duk mai hankali na wancan zamani. Sarki makiyayi ne. Idan ya bar mutum ya fita daga garinsa da sanin ƙofofi da rijiyoyi da yawan dawaki, ya kai wa Rabe, to jinin dubban talakawa, mata da yara da manoman da ba su da garu, yana wuyansa. Wanda ya ce ran mutum biyu bai kai ran dubbai ba, da tausayi yake magana, kuma maganarsa ba ta wauta ba ce. A ɗaya gefen sikelin akwai ƙa'ida: an ba mutum masauki, ya ci abincin gida, ya shigo gari hankalinsa kwance saboda ya amince da maganar sarki. A fiƙihun Malikiyya, wanda malaman Birni suka tashi a kansa, wanda ba Musulmi ba idan aka ba shi aminci, jininsa da dukiyarsa sun haramta har ya fita daga ƙasar.

Idan aka tsaya nan, sai a ce gaba kura baya sayaki: ko a ci amana a tsare jama'a, ko a riƙe amana a sayar da jama'a. Amma shari'ar da ta ɗora nauyin ta bar ƙofa. Malamai suna kafa hujja da aya ta 58 ta Suratul Anfal cewa shugaban da ya ji tsoron yaudara daga waɗanda ya yi alkawari da su, yana da ikon warware alkawarin, da sharaɗin ya sanar da su a fili kafin ya ɗaga musu hannu. Suna kuma kafa hujja da aya ta 6 ta Suratut Tauba cewa wanda ya nemi mafaka ana raka shi har inda zai sami aminci. Bisa wannan, sarki yana da ikon hana Kazamaju hanyar gabas, ya ce masa zamansa ya ƙare, ya haɗa shi da mahaya su mayar da shi yamma inda ya fito. Wannan hanya tana da haɗarinta, domin baƙon da aka kora yana iya komowa da runduna. Duk da haka ita ce kaɗai ta riƙe abubuwan biyu tare: tana raba Nasara da Rabe, tana kuma barin amana da mutuncinta. Tsoro yana da halin ƙuntata zaɓi, ya nuna wa mutum ƙofa biyu alhali ɗakin yana da uku.

Kafaran da ya ƙi barin ɗan'uwansa

A wannan mako ɗin, a wajen garu, wasu mutane ma sun fuskanci nasu awon. Bisa labarin da Faransawa suka rubuta, an kama sarjan na ayarin, Samba Tarawure, sai jagorancin ƴan sojojin da suka rage ya faɗa hannun wani kafaran mai suna Kubi Keita. Shugabanninsu sun mutu, ƙasarsu tana da nisan watanni, hankali yana cewa su tsere da dare. Suka ƙi tafiya sai an sako musu ɗan'uwansu, suka tsaya suka yi faɗa har aka sake shi. Sarki ya yi musu tayin shiga rundunarsa, suka ƙi, suka kama hanyar yamma har suka kai bakin Kwara. Ba za a manta ba cewa aikin da waɗannan mutane suke yi wa hidima aikin mamaya ne, kuma labarinsu ya fito daga bakin waɗanda ke da amfani a yaba su. Duk da haka abin lura ne cewa a wurinsu riƙon alkawari da tausayin ɗan'uwa hanya guda suka nuna.

Abin da ya biyo baya

Akan ce kisan Kazamaju ne ya jawo wa Damagaram mamaya. Lissafin kwanaki bai goyi bayan wannan ba. Ran 14 ga Yuni 1898, kwana 40 bayan kisan, Faransa da Ingila suka sa hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar da ta bar Zindar a rabon Faransa, kuma an daɗe ana tattauna ta tun kafin kaftin ya iso Birni. Da an bar shi da rai ma, runduna tana nan tafe. Abin da kisan ya ƙara shi ne hujjar ramuwa.

Rundunar da ta zo ita ce ta Wule (Voulet) da Shanwan (Chanoine), wadda ta bar gawarwaki da toka a bayanta: ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilu 1899, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni cikin Mayu. Da labarin ta'asar ya kai Faransa aka turo Kanal Kulob (Klobb) ya karɓi jagoranci. Ran 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Wule ya sa aka buɗe masa wuta. Kulob ya hana mutanensa ramawa, ya mutu nan take. Cikin kwana uku sojojin rundunar suka kashe Shanwan da Wule a wajen Maijirgi. Laftanan Paliye (Pallier) ya ja sauran, ya gamu da mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yuli, bindiga mai saurin ɗuri ta rinjayi doki da igwar gida. Amadu Kuran Daga ya fita daga Birni bai miƙa wuya ba, aka kashe shi a Rumji cikin Satumba 1899. Aka naɗa ɗan'uwansa Amadu ɗan Basa, wanda shi ma aka tuɓe a 1906 bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi Kodebuwa. Sarautar ba ta koma gidanta ba sai 1923, da naɗin Barma Mustafa.

Haɗin kan da sarki ya tsorata kuwa bai taɓa ƙulluwa ba. Rundunonin Faransa da suka bi ta Zindar su ne suka kashe Rabe a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900. Wannan ba hujja ba ce a kan sarki, domin babu wanda zai iya sanin haka a watan Mayu na 1898. Abin da yake nunawa shi ne sakamako ba ya isa ya zama ma'aunin hukunci. Kisan bai ceci Damagaram ba, sakin ma da bai cece ta ba. Abin da ya rage a hannun sarki a ranar shi ne abin da ya sani da abin da ya ɗauka wa kansa.

Ga masu koyarwa

Yaƙin Tirmini da mutuwar Rumji sun isa su sa sunan Amadu Kuran Daga a ƙofar makaranta, kuma tattauna 5 ga Mayu ba ya rage masa wannan daraja. Ɗalibin da aka ba jarumi marar kuskure bai koyi yadda ake yanke shawara ba. Wanda aka sa a gaban abin da sarki ya sani, aka tambaye shi hanya nawa yake gani, shi zai fita da abin amfani.

Irin wannan awo bai ƙare da zamanin garu ba. Yaƙin Boko Haram ya kwararo da dubban ƴan gudun hijira jihar Difa, musamman daga 2014, ta'asar ƴan bindiga kuma ta koro wasu dubbai daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi a 2019. Hakimai da masu unguwanni sun tsaya gaban baƙin da haƙƙinsu ne a sauke su, alhali akwai tsoron abin da ka iya shigowa tare da su. Malamin da ya kama maraya da satar amsa a jarrabawa shi ma yana gaban ƙaramin sikeli irin wannan: ya rufe ido ya zalunci sauran ƴan ajin, ko ya zartar da doka ya karya yaro. A nan ma akwai hanya ta uku, a soke takardar kamar yadda doka ta ce, sa'an nan a zauna da yaron a ji abin da ya kai shi, a shirya shi don zagaye na gaba. Ta fi sauran biyun cin lokaci da wahala, shi ya sa mai gaggawa ba ya ganinta. Labarin Kazamaju, idan aka ba da shi cikakke, da tsoron Rabe da haƙƙin baƙo da hukuncin malamai duka a ciki, yana koya wa ɗalibi ya tsaya ya ƙirga ƙofofi kafin ya zaɓi ɗaya.