Ɗan Adam Tara Yake

Kwaɗayi ne ya kai ni ga wannan tarihi. Cikin 'yan tsabar kuɗin da kawuna ya dawo da su daga karatu a Amurka na tsinci wata kwandalar sent goma mai hoton Shugaba Roosevelt, bugun 1975, babu harafin S a saman shekarar. Da yake na taɓa jin cewa irinta kan sayi gida, na kwana ina lissafin dukiya. Bincike ne ya farkar da ni.

Hukumar buga kuɗin Amurka tana fitar da tsaba iri biyu: ta kasuwa, da ta ajiya wadda ake yi domin masu tarawa. Ita ta ajiyar, sai an goge ƙarfen da hatimin bugun sun yi sheƙi, a buga ta fiye da sau ɗaya, sannan a rufe ta cikin roba. Daga 1968 aka mayar da wannan aiki masana'antar San Faransisko, wadda alamarta ita ce S. Sai dai a wancan lokacin a Filadelfiya ake ƙera hatiman, kuma da hannu ma'aikaci yake dasa wa kowanne harafinsa. In ya tsallake guda, mai dubawa kuma bai ankara ba, duk abin da hatimin ya buga zai fito babu alama.

Hakan ya faru ga sent goma a 1968, 1970, 1975 da 1983, ya kuma faru ga sent biyar a 1971. Na 1975 ya fi shahara, domin cikin fakiti sama da miliyan 2.8 da aka sayar, kwandala biyu kacal aka sani masu wannan kuskure. An yi gwanjon ɗaya a 2019 kan dala 456,000, ɗayar kuma ta haura dala 500,000 a 2024.

Tawa fa? A 1975 Filadelfiya ba ta sa wa sent goma na kasuwa kowane harafi, kuma ta buga ɗaruruwan miliyoyi. Rashin S kaɗai ba hujja ba ne. Sai filin kwandalar ya zama kamar madubi, gefenta ya fito da kaifi, rubutunta ya tashi raɗau. Na duba tawa da gilashin ƙara girma, na same ta dishi-dishi, hannaye sun cinye ta. Darajarta sent goma ce.

Ban jefar da ita ba. Ta koya mini cewa miliyoyin da suka fito daidai ba su faɗi komai game da masu yin su. Biyun da suka kuskure ne suka shaida cewa a bayan injin akwai mutum mai gajiya da mantuwa. A 1985 aka daina dasa harafin da hannu a hatiman tsabar ajiya, amma a 1990 sent ɗaya ta sake fitowa babu S. Magabata sun riga sun faɗa: ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba.