Dakashi da Ruwan Jariri

'Yan uwana mata, a zamanin iyayenmu a Andarai, in mace ta haihu ba a barin jariri ya kama nono nan take. Dakashi ƙazanta ne a wurinsu, sai a tatse a zubar, a yi kwana biyu ko uku ana ɗura wa yaro ruwan ɗumi. Mai jego kuwa, balle ta ɗan fari, kunya ba ta barinta ta ce uffan.

A 1991, shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shirin sa jariri a nono da zarar an haife shi. Ashe dakashin nan rigakafi ne. A 2001 kuma aka tsayar da wata 6 nono zalla, ko ruwa babu, don ruwan rijiya kan jawo gudawa.

To, a kan ruwan nan ake ta rigima har yau. Ki dawo awo daga Jega ko Maiyama da zafin bazara, uwar miji ta tare ki, "Ke ɗiyar nan, da ƙishirwa za ki kashe mini jika?" Ni dai a ganina da ita ya kamata a riƙa zuwa awon, ta ji da kunnenta.