Wa Ke Duba Rubutun Mai Rubuta Manhaja?

Mu da muka tashi a ƙasar Gwandu mun san garin da littattafai. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, kuma littattafansa da hannu aka riƙa kwafarsu kafin zuwan injin ɗab'i. A al'adar kwafar littafi, wanda ya gama ba ya miƙawa ya tafi. Sai an zauna an yi muƙabala: ɗaya na karantawa, ɗaya na bin littafin asali da ido. In an tsallake kalma, a rubuta ta a gefen shafi, a sa mata alamar gyara. Dalili kuwa, idon mutum ba ya ganin kuskuren hannunsa.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe kafin su yarda da wannan. Manhaja dai umarni ne da mutum ke rubutawa layi-layi, shi ake kira kod. A farkon zamanin kwamfuta, abin da ake tambaya kawai shi ne, yana aiki? In yana aiki, shi ke nan, ko da marubucin ne kaɗai zai iya karanta shi. A 1968 Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya rubuta wata gajeriyar wasiƙa yana sukar umarnin goto, wanda ke sa kwamfuta ta yi tsalle daga wani layi zuwa wani. Kukansa shi ne mai karatu na ɓacewa a hanya, ya kasa gane inda aikin ya kwana.

A 1976 Michael Fagan na kamfanin IBM ya wallafa tsarin bitar kod. Mutane kaɗan za su zauna, kowa da aikinsa, a sa wani daban, ba marubucin ba, ya riƙa bin kod ɗin yana faɗin abin da kowane sashe ke yi. Ranar da na fara karanta wannan sai da na yi murmushi, ai muƙabala ce. Shekara biyu bayan nan Stephen Johnson na Bell Labs ya fito da Lint, manhajar da ke duba kod na harshen C ta nuna wuraren da take zargi tun ba a kunna shi ba. Ita ce kakar injinan bita na yau.

To amma gano kuskure daban, gyaran zubi daban. Gyaran zubi, wanda masana ke kira rifaktorin, shi ne a sake tsara kod ba tare da an canza aikinsa ba: a ba abubuwa sunaye masu ma'ana, a rarraba dogon sashe, a share abin da aka daina amfani da shi. William Opdyke ya yi digirinsa na uku a kan haka a Jami'ar Illinois a 1992, sannan littafin Martin Fowler na 1999 ya yaɗa shi. Matsalarsa ɗaya, mai biyan kuɗi ba ya ganinsa. Ka yi sati guda kana aiki, manhaja na nan yadda take a ido, don haka shi ake fara ɗagawa zuwa gobe. Ni kaina na taɓa buɗe kod ɗin nazarin alƙaluma da na rubuta wata shida baya, na tarar da abin da na sa wa suna x2 da x2b, wallahi na kasa tuna bambancinsu.

Nawa kwana biyu kawai ya ci mini. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka kuwa ya bar wani tsohon sashe mai suna Power Peg a cikin manhajarsa shekara da shekaru bayan an daina amfani da shi. Ranar 1 ga Agusta 2012 aka kunna sabon kod, ashe ɗaya daga cikin manyan kwamfutoci takwas bai samu ba. Tsohon sashen ya farka ya yi ta aika odar ciniki, cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 440.

Na Apple a Fabrairun 2014 ya fi ban haushi, don layi ɗaya ne tak. An maimaita umarnin goto fail sau biyu a jere, sai wayar iPhone ta riƙa tsallake matakin ƙarshe na tantance shafukan intanet masu tsaro. Irin wannan inji na iya kama shi, tunda akwai layukan da aiki ba zai taɓa isa gare su ba. Amma tambayar ko har yanzu ana bukatar Power Peg, a ganina sai mutumin da ya zauna ya karanta. Knight Capital dai bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, a 2013 aka haɗe shi da kamfanin Getco.