Lissafin da Ya Tashi Daga Teku Ya Sauka a Ɗakin Haɗa Bam

A shekarar 1871, William Thomson, malamin Jami'ar Glasgow da aka fi sani da Lord Kelvin, ya gayyaci abokinsa Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shan iska a jirgin ruwansa, Lalla Rookh, a gaɓar yammacin Sikotlan. Hutun dai suna ya tara. Sai ga manyan malaman nan sun jefa zaren kamun kifi cikin teku, suna auna gudun 'yan igiyoyin ruwan da ke taruwa a gabansa.

Abin da ya dame su shi ne iyakar da abubuwa biyu masu gudana suke haɗuwa, kamar iska da ruwa. Tun 1868 Helmholtz ya nuna cewa idan ɗaya ya fi ɗaya gudu, iyakar ba ta zama lafiya: 'yar lanƙwasa kaɗan sai ta girma, ta naɗe, su cakuɗe. Kelvin ne ya sa wa maganar lamba, ya ce sai iska ta kai kimanin mita 6.5 a daƙiƙa kafin ta tayar da ruwa. Lissafin ya tsaru, amma kowane masunci ya san iskar da ba ta kai haka ba ma tana motsa teku. Sai a 1957 John Miles da Owen Phillips suka kawo bayani mai gamsarwa.

Lord Rayleigh kuwa ta wata ƙofa ya shigo a 1883, yana neman fahimtar wasu siraran gajimare: me ke faruwa in mai nauyi ya hau kan marar nauyi? A kifa kofi cike da ruwa a gani. Matsin iska ya isa ya riƙe ruwa mai tsayin mita 10, amma ruwan zubewa yake, domin fuskarsa ba ta taɓa daidaita sarai. Nan ruwa ya zuro, can iska ta kutsa sama.

Shekaru wajen 60 takardar da Rayleigh ya rubuta kan wannan tana kwance, sai yaƙi ya tashe ta. A 1944 Geoffrey Taylor ya je Los Alamos a Amurka, inda ake ƙera bam ɗin nukiliya, ya gargaɗi masu ƙera shi cewa ba sai an kifa komai ba. Duk inda marar nauyi ya ingiza mai nauyi da ƙarfi, haka iyakar za ta yamutse, kuma hakan na iya ɓata matsewar da bam ɗin ke buƙata. Ya wallafa aikin a 1950, aka haɗa sunansa da na Rayleigh.

Duk waɗannan lissafai farkon rikicin kawai suke bayyanawa. Cakuɗar da ke biyo baya sai da kwamfuta, ita ma da kyar. Wannan matsala ta cakuɗa na cikin abin da ya daɗe yana wahalar da cibiyar National Ignition Facility ta Kalifoniya, wadda sai ran 5 ga Disamba, 2022 ta fara samun makamashin da ya zarce wanda hasken lesa ya zuba wa ƙwayar man gwajinta.