Tarihin Noman Okid Tsakanin 'Yan Lambu da Masana

Okid dangi ne na tsirrai masu fure, kuma yana cikin mafi yawa a duniya, domin nau'o'insa sun kai kimanin 28,000. Da yawansu ba sa tsirowa a ƙasa. Jikin bishiyoyi suke maƙalewa a dazuzzukan ƙasashe masu zafi, saiwoyinsu na reto a iska, sai dai ba sa tsotsar ruwan bishiyar kamar yadda kauci ke yi. Mutane iri biyu ne suka yi wahalar gano yadda ake noma su: masana da ke rarraba tsirrai suna ba su suna a littattafai, da kuma 'yan lambu waɗanda iliminsu ya samo asali daga yau da gobe da lura da ido.

A farkon ƙarni na 19 attajiran Ingila suka kamu da son okid, jiragen ruwa suna ta kwaso musu shi daga Kudancin Amurka da Asiya. John Lindley, babban masanin okid na zamanin, wanda ya tsara rabe-raben danginsa, ya ba da shawara a 1830 cewa a riƙa ajiye shi cikin zafi da laima mai yawa. Aka gina ɗakunan gilashi a rufe ruf, ana hura musu wuta dare da rana, tsirran kuwa suka yi ta ruɓewa. 'Yan lambu irin su Joseph Paxton, mai kula da lambun Chatsworth, su ne suka fara buɗe tagogi suna rage wutar, saboda sun ga shukar ta fi sakewa idan iska na ratsawa. Dalilin ya bayyana daga baya: nau'o'i da yawa daga tsaunuka aka cirro su, inda dare ke da sanyi.

Babu inda wannan tarihi ya fi fitowa fili kamar a kan banila, okid ɗin da ake sa ƙamshinsa a kek da askirim. Asalinta Meziko ne, inda mutanen Totonak suka daɗe da saninta, Aztek kuma suna haɗa ta da koko. Turawa sun kai ta wasu ƙasashe, ta yaɗu ta yi fure, amma ta ƙi yin 'ya'ya. Matsalar tana cikin furen ne. Akwai wata 'yar fata siririya da ta raba ɓangaren namiji da na mace, kuma ƙwarin da ke haɗa su a gida ba su bi shukar zuwa baƙuwar ƙasa ba. Ga shi kuma furen yini ɗaya tak yake buɗewa.

A 1836 Charles Morren, farfesan ilimin tsirrai a Jami'ar Liège ta Beljiyam, ya yi barbarar furen da hannu a ɗakin gilashi, ya samu 'ya'ya, ya kuma rubuta bayani. Aikin nasa na gaskiya ne, amma bai isa gonaki ba. Wanda ya kai barbarar hannu gona yaro ne bawa mai shekara 12, sunansa Edmond, a tsibirin Reuniyon da ke Tekun Indiya, ƙarƙashin mulkin Faransa. Ubangidansa, Ferréol Bellier-Beaumont, ya taɓa nuna masa yadda ake barbarar furen kankana. A 1841 yaron ya ɗauki ɗan tsinke, ya ɗage fatar nan, ya matse ɓangarorin biyu da babban yatsa. Aikin daƙiƙa kaɗan ne, kuma kowa na iya koya. Aka riƙa zagayawa da shi gona-gona yana koya wa sauran bayi.

Sakamakon da ya samu abin takaici ne. Wani masanin tsirrai a tsibirin, Jean Michel Claude Richard, ya yi iƙirarin cewa shi ya koyar da dabarar tun da farko, sai da Bellier-Beaumont ya ƙaryata shi a rubuce. An 'yanta bayin tsibirin a 1848, aka ba Edmond sunan Albius, ya rasu cikin talauci a 1880, alhali masu gonaki sun yi arziki da banila.

Saura batun iri, wanda ya fi kowanne wuya. Irin okid kamar ƙura yake, kwanso ɗaya kan ƙunshi dubbai masu yawa, kuma ba ya ɗauke da guzurin abincin da zai tsiro da shi. 'Yan lambu sun gano cewa idan aka barbaɗa shi a gindin uwar shukar, kaɗan daga ciki kan tsiro. Ba su san dalili ba, amma sun riƙe abin. John Dominy, ma'aikacin gidan renon tsirrai na Veitch a Exeter, shi ne ya fara samar da okid ruwa biyu da hannun mutum, wanda ya yi fure a 1856, bayan wani likitan tiyata mai suna John Harris ya nuna masa yadda cikin furen yake.

A nan ne ɗakin bincike ya yi abin da ido kaɗai ba zai iya ba. A 1899 wani matashin masani Bafaranshe, Noël Bernard, ya duba 'yan tsiron wani okid na daji da madubin ƙara girma, ya ga zaren wata irin funfuna a cikinsu. Ita ce ke ciyar da irin har ya kafu, kuma ita ce ke zaune a saiwar uwar, abin da ya bayyana al'adar 'yan lambu. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa ana iya barin funfunar gaba ɗaya, a shuka irin cikin kwalba mai tsabta a kan abincin da aka haɗa da sukari da sinadarai. Daga nan okid ya fita daga hannun attajirai kaɗai, ya shiga kasuwa.

Yau yawancin okid da ake sayarwa a duniya daga kwalba suke fara rayuwa. Banila kuwa har yanzu ba ta da injin barbara. A Madagaska, wadda ta fi kowace ƙasa noma ta, da Indonesiya da Yuganda, manoma kan fita da sassafe a lokacin fure, suna bin furanni ɗaya bayan ɗaya da tsinke, bisa dabarar Edmond Albius.