Kayan Kariya da Hanyoyin Hana Yaɗuwar Cututtuka a Asibitoci

Gabatarwa

Asibiti wuri ne da jama'a ke zuwa neman lafiya, amma kuma nan ne cututtuka iri-iri suke haɗuwa. Ma'aikacin lafiya yakan taɓa jini, amai, fitsari ko ruwan haihuwa tun kafin a san abin da ke damun maras lafiya. An tanadi wannan bayani ne domin mazauna karkara, shugabannin ƙananan hukumomi, kansiloli, hakimai, dagatai da masu unguwanni su san kayan da ma'aikatan asibiti ke buƙata don kare kansu, da kuma rawar da kowa zai taka. A ƙauyen da ma'aikaci ɗaya ko biyu ne ke riƙe da ɗakin shan magani, kwanciyar ma'aikacin tana nufin rufe asibitin baki ɗaya.

Darasi daga tarihi

A shekarar 1969 aka fara gano zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa da ke Jihar Borno a yanzu. Wadda aka fara gano cutar a jikinta malamar jinya ce a asibitin mishan na garin. An kai ta wani asibiti a Jos, inda ta rasu, kuma malaman jinya biyu da suka kula da ita suka kamu. Ɗaya ta rasu, ɗaya ta warke. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa lokacin da take binciken gawar wani da cutar ta kashe a Jos, ita ma ta rasu.

A watan Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da cutar Ebola Legas. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Ameyo Stella Adadevoh, wadda ta hana shi barin asibiti. Haka nan a Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya yi sanadiyyar rasuwar likitoci biyu a Kano. A mafi yawan irin waɗannan lokuta, ma'aikacin yakan kamu ne kafin a gano sunan cutar. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce a ɗauki jini da duk wani ruwa da ke fita daga jikin kowane maras lafiya a matsayin abin da zai iya ɗauke da cuta.

Su wane ne ke buƙatar kariya?

Ba likitoci da malaman jinya kaɗai ba ne. Akwai ungozomomi, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, masu shara, masu wanki, masu gadi da ke taimakawa wajen sauke maras lafiya daga mota, direbobin motar asibiti da ma'aikatan ɗakin ajiye gawa. Sau da yawa ƙananan ma'aikata ne ake mantawa da su wajen rabon kaya, alhali kuwa su ne ke kwashe amai, su wanke zanin gado, su zubar da allurai.

Nau'o'in kayan kariya

1. Safar hannu: ana sa ta ne idan za a taɓa jini, rauni ko wani ruwan jiki. Kowane maras lafiya da tasa safar. Ba a wanke ta a sake amfani da ita. Masu shara da wanki suna buƙatar mai kauri ta roba.

2. Takunkumin baki da hanci: yana tare feshin tari da atishawa, kamar na sanƙarau da mashaƙo. Ga cututtukan da ke yawo a iska, irin su tarin fuka da ƙyanda, ana buƙatar nau'in N95 wanda ke kama fuska sosai.

3. Tabarau ko garkuwar fuska: suna hana jini fantsama cikin ido, musamman wajen karɓar haihuwa da tiyata.

4. Rigar kariya mai dogon hannu, da ledar da ake ɗaurawa a gaba: suna hana ruwa ratsawa zuwa tufafi da fata.

5. Hula da dogon takalmin roba: na ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata da ɗakin killace masu cuta mai yaɗuwa.

Yadda ake sawa da cirewa

Ana fara wanke hannu, sannan a sa riga, takunkumi, tabarau, sai safar hannu daga ƙarshe, a ja ta ta rufe bakin hannun riga. Lokacin cirewa ya fi haɗari, domin bayan kayan ya riga ya gurɓata. Ana fara cire safar hannu da riga, ana naɗe su cikinsu ya koma waje, a wanke hannu, a cire tabarau, sannan takunkumi ta igiyarsa ta baya ba tare da an taɓa gabansa ba, a sake wanke hannu. A ɗakin killacewa ya kamata wani abokin aiki ya tsaya yana lura. Ba a fita da waɗannan kaya zuwa masallaci, kasuwa ko wurin mai shayi, kuma ba a kai su gida wanki.

Wanke hannu

Safar hannu ba ta maye gurbin wanke hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana lokuta 5 da ya wajaba ma'aikaci ya tsabtace hannunsa: kafin taɓa maras lafiya, kafin yin aiki mai buƙatar tsabta kamar allura ko wankin rauni, bayan taɓa jini ko ruwan jiki, bayan taɓa maras lafiya, da bayan taɓa gadonsa ko kayan da ke kewaye da shi. Wanki da ruwa da sabulu yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, shafa sinadarin tsabtace hannu kuwa daƙiƙa 20 zuwa 30. Inda babu famfo, bokiti mai murfi da aka sa wa kan famfo, da roba a ƙasa mai tarar ruwa, ya wadatar. Tsoma hannuwa cikin kwano ɗaya da kowa ke amfani da shi yaɗa cuta yake yi.

Allura da shara

Ba a mayar da murfin allura bayan an yi amfani da ita, domin a nan ne aka fi soke yatsa. Ana jefa ta nan take cikin akwatin kwali na musamman, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu, a kai shi wurin ƙonawa. Allurar da ta taɓa jinin mai ciwon hanta nau'in B tana iya sa wa wanda ta soka cutar a kashi 6 zuwa 30 cikin ɗari. Na ƙanjamau kuwa kimanin sau 3 ne cikin dubu. Don haka ya kamata kowane ma'aikaci ya karɓi rigakafin ciwon hanta nau'in B har sau 3: na farko, na biyu bayan wata 1, na uku bayan wata 6 daga na farko. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya sanar da shugabansa nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, a sha na kwana 28.

Shara kuma ana rarraba ta: baƙar leda ta sharar yau da kullum, ruwan ɗorawa ko ja ta abin da ya taɓa jini. Wajibi ne a katange ramin shara saboda yara da dabbobi.

Haɗa ruwan kulorin

Idan an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikin kwalbar bilic, ana zuba mudu 1 nasa cikin mudu 6 na ruwa, a sami ƙarfin 0.5 wanda ake zubawa a kan jini da amai, a goge daɓe da shi. Mudu 1 na wannan haɗin cikin mudu 9 na ruwa yana ba da ƙarfin 0.05, na jiƙa zanin gado da tufafi. Kowace rana ake haɗa sabo, a ajiye shi a inuwa cikin roba mai murfi.

Abin da ake buƙata daga jama'a

Idan ma'aikaci ya sa safar hannu ko takunkumi kafin ya duba ku, ba ƙyama ba ce. Kariya ce gare ku da shi da wanda za a duba bayanku. A gaya wa ma'aikaci gaskiya: kwana nawa aka yi ana zazzaɓi, ko an sha maganin zazzaɓin cizon sauro bai sauka ba, ko an yi tafiya, ko wani ya rasu a gida da irin wannan ciwo. Zazzaɓin Lassa ya fi yawa da rani, kuma alamunsa kan bayyana cikin kwana 21 da kamuwa. A taƙaita masu jinya zuwa mutum ɗaya, a rage cincirindon 'yan dubiya, kada a kai ƙananan yara. Idan wanda ake zargin yana da irin wannan cuta ya rasu, a bari jami'an lafiya su jagoranci shirya gawar tare da malamai da dangi, cikin mutunci.

Nauyin da ke kan shugabanni

Ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kwamitocin raya mazaɓu da su riƙa bincika abubuwa kamar haka a duk asibitin da suka ziyarta: ko akwai ruwa da sabulu, ko safar hannu da takunkumi suna hannun ma'aikata, ba a kulle a sito ba, ko akwai akwatin allura da ramin ƙona shara, ko an ware ɗaki ko rumfa domin killace maras lafiya, ko an horar da masu shara. A sa waɗannan cikin kasafin kuɗi tun kafin annoba ta ɓulla. Idan an ga ciwon da ba a saba gani ba, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, kyauta a lamba 6232.

Kammalawa

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma ta samar da kaya, ma'aikaci ya yi amfani da su ga kowane maras lafiya, jama'a kuma su ba da haɗin kai. Kuɗin kwalin safar hannu da sabulu kaɗan ne idan aka kwatanta da rashin ungozomar da gari guda ya dogara da ita.